Adamu Halilu: 'Shaihu Umar' ya dawo gida, saura 'Kanta'

*Shekara 14 kafin a yi 'Turmin Danya', wani ɗan Arewa da ya je Turai ya koyo aikin fim ya riga ya haska labarin Bahaushe a babban allon sinima. Yau 'yan kallo kaɗan ne su ka san sunan sa, alhali kuwa Sakkwatawa na da kaso mai tsoka a cikin gadon da ya bari.*

IDAN mutum ya tsaya da yamma a bakin ɗaya daga cikin shagunan nan da ake tura finafinai a waya, ko a Mabera ko a Runjin Sambo cikin birnin Sakkwato, ya tambayi samarin da ke zazzaune a kan benci wa ya fara shirya fim ɗin Hausa, amsar ba za ta wuce biyu ko uku ba. Wani zai ce Ibrahim Mandawari ne. Wani ya ce a'a, marigayi Ibro ne. Wanda ya ɗan taɓa bincike shi ne zai gyara zama ya ambaci 'Turmin Danya', fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990.

Na ukun nan ya kusa, domin daga 'Turmin Danya' ne ake fara lissafin finafinan bidiyo na Hausa. To amma fa bidiyo daban, fim daban. Tun kafin kaset ya shigo gidajen mutane an yi wani darakta da ya ɗauki 'yan wasa Hausawa, su na magana da Hausa, cikin riga da rawani, ya kai su babban allo a gaban baƙi daga ƙasashen duniya. Sunan sa Alhaji Adamu Halilu. An haife shi a 1936, ya rasu a 2001. Allah ya jiƙan sa, amin.

Dalili biyu ne su ka sa ya kamata matasan yau su san shi. Na farko, babban fim ɗin sa, 'Shaihu Umar', wanda aka daɗe da fid da rai da shi, ya sake bayyana, har an gyara shi an nuna a Jamus. Na biyu kuma ya shafi Sakkwato kai-tsaye: fim ɗin da ya biyo bayan wannan, 'Kanta of Kebbi', labarin ƙasar nan ne, kuma da hannun gwamnatin Jihar Sakkwato aka yi shi.

Ɗan makaranta ne

A ƙasar Adamawa aka haifi Adamu Halilu, lokacin Turawa na tsakiyar mulkin su. A wancan zamani yaron da ya yi boko a Arewa hanyoyin sa sanannu ne: ya zama malamin makaranta, ko akawun En'e, ko malamin asibiti, ko malamin gona. A ce yaro ya zaɓi fim a matsayin sana'a, kai, abin ko a mafarki da wuya.

Shi kuwa nan Allah ya ajiye abincin sa. Bai kuma shige ta da ka ba, sai da ya zauna a aji. Ya yi karatun rubuta labarin fim da na tace hoto a birnin Landan da kuma birnin Rum na ƙasar Italiya. Duk wanda ya san harkar ya san ba ƙananan wurare ba ne. Ingila ce cibiyar finafinan gaskiya, irin waɗanda ake ɗaukar rayuwar mutane yadda ta ke. Rum kuwa a shekarun 1950 da 1960 ta na cikin manyan biranen shirya fim na duniya, har Amurkawa na barin Hollywood su je can su yi aiki.

A lura da darussan da ya zaɓa. Rubutun labari shi ne tushen fim, tacewa kuma ita ce rufin sa. Jarumi na iya yin kuka har 'yan lokeshin su tausaya masa, amma idan labarin bai ginu ba, ko edita ya yanka inda bai dace ba, to kukan ya tashi a banza. Waɗannan fannoni biyu da ba a ganin mai yin su a fosta, su Halilu ya je ya koyo. Ba shi kaɗai ba ne a Afrika: Ousmane Sembene na Senegal, wanda ake kira uban finafinan Afrika, shi ma sai da ya je Mosko ya yi karatun fim kafin ya dawo gida ya fara.

Zamanin majigi

Mai karatu, in ka na da kaka ko kakan da ya haura shekara 70, tambaye shi labarin majigi. Mota ce ta gwamnati ke shigowa gari da la'asar, yara na bin ta a guje. Idan an yi sallar isha'i sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a tada janareto, a haska. Akwai mai sharhi riƙe da lasifika ya na fassara wa jama'a abin da ke faruwa da Hausa, wani lokaci har ya ƙara da nasa barkwancin. Ba a biyan ko kwabo.

Abin da ake nunawa kuwa darasi ne: yadda za a tsaftace rijiya, amfanin allurar rigakafi, yadda za a inganta noma, ziyarar manyan baƙi, hawan daba. Dattawa har gobe su na tuna 'Baban Larai', wanda aka yi don jan hankalin manoma. Turawa ne su ka kafa wannan tsari, gwamnatin Jihar Arewa ta gaje shi, ta ci gaba da shi bayan samun 'yanci a 1960.

A cikin wannan duniya Adamu Halilu ya yi ƙuruciyar aikin sa, a matsayin ma'aikacin sashen shirya finafinai na gwamnati. An ƙiyasta cewa ya sa hannu a finafinai kimanin 70 a tsawon rayuwar sa, akasarin su na wayar da kai. Wanda aka fi ambata a cikin na farko-farkon shi ne 'Mama Learns a Lesson' na 1963, wanda darasin kiwon lafiya ne aka saka a cikin rigar wasan kwaikwayo.

Wani zai ce to mene ne abin burgewa a fim ɗin allurar shanu ko na tsaftar gida? Ai nan ne makarantar ta biyu. Wanda zai yi fim don manomin da bai taɓa shiga gidan sinima ba, dole ya iya ba da labari da hoto tsantsa, ta yadda ko iska ta kwashe muryar mai sharhi za a gane inda aka dosa. 'Yan fim na yau kan yi alfahari da cewa su na faɗakarwa. To ga wanda faɗakarwar ce aikin da ake biyan sa albashi a kai.

Littafin Firayim Minista

A 1933 hukumar talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri ne aka samu 'Ruwan Bagaja' na Abubakar Imam, da 'Ganɗoki' na Bello Kagara, da 'Idon Matambayi' na Muhammadu Gwarzo, da kuma 'Shaihu Umar', wanda wani matashin malamin makaranta daga Bauchi ya rubuta. Wannan malami shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966.

Labarin na zamanin cinikin bayi ne, a ƙarshen ƙarni na 19. Wani babban malami ne almajiran sa su ka tambaye shi asalin sa, shi ne ya buɗe masu ciki. Maraya ne ɗan Kagara. Mahaifiyar sa ta auri wani bafade mai suna Makau, abokan aikin Makau su ka ƙulla masa sharri a wajen sarki, aka kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace yaron. Ya faɗa hannu daban-daban har ya iso Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tsallaka hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikin sa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi.

Uwar kuwa ba ta zauna ba. Ta bazama neman ɗan ta, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta sha baƙar wuya a ƙasar Larabawa. Sai bayan shekaru masu yawa Allah ya haɗa fuskokin su, ta gan shi ya zama mutum, ba da jimawa ba ta cika. A hanyar sa ta dawowa guguwar rairayi ta binne ayarin su, shi ya tsira, ya iso ƙasar Hausa ya zauna ya na karantarwa.

Ka ji labari! Akwai makirci, akwai rabuwa, akwai soyayyar uwa da ɗa, akwai tawakkali. Babu abin da marubutan yau ke nema wanda babu a ciki. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, sannan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay su ka mayar da shi wasan kwaikwayo na daɓe, aka buga a 1975. Da aka tashi yin fim ɗin a 1976, shekara 10 cif bayan rasuwar marubucin, sai gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyi, Adamu Halilu ya ba da umarni, shi kuma Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. Cikin sauran 'yan wasan akwai Mairiga Aliyu da Umaru Dembo, marubucin nan na 'Tauraruwa Mai Wutsiya'.

Ba a cewa "a sake" sau goma

Yaran yanzu da ke ɗaukar fim da waya su goge su sake, zai yi masu wuya su gane irin wahalar da ke cikin aikin wancan lokaci. Ba kaset ba ne, ba kati ba ne. Wani dogon zare ne mai faɗin milimita 35, mai ƙananan ramuka a gefe da gefe, wanda haske kaɗan in ya taɓa shi kafin a wanke, ya lalace. Kyamara na cin hoto 24 a duk daƙiƙa ɗaya. Abin da ta ci kuwa ya ciwu, ba a gogewa. Duk lokacin da darakta ya ce a sake, kuɗi ne ya ƙone.

Sannan ba a ganin abin da aka ɗauka nan take. Sai an rufe zaren a gwangwani an kai ɗakin wanki, wanda a wancan zamani masu shirya fim na Nijeriya galibi sai sun aika Ingila. Idan hoton ya yi duhu, ko wani ya gifta da agogon hannu a cikin labarin zamanin bayi, sai bayan makonni za a sani, lokacin kowa ya kama gaban sa. Tacewa kuma da hannu ake yi: a yanka zaren, a liƙa wani da wani.

'Shaihu Umar' fim ne mai launi, tsawon sa minti 142. In aka lissafa, hotuna sama da dubu 200 kenan a jere, zaren da in aka warware shi zai kusa kilomita 4. Wannan wanda ya shiga fim ɗin kenan, ban da wanda aka zubar a ɗakin tacewa. Ga dawaki, ga raƙuma, ga ayari, ga fada, ga tufafin da dole su dace da zamanin. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da tsari a rubuce tun daga gida, kuma a nan ne karatun Landan da Rum ya yi ranar sa.

Da aka buɗe bikin baje kolin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977 a Legas, tare da gagarumin hawan daba a Kaduna, 'Shaihu Umar' ne fim ɗin da Nijeriya ta gabatar da sunan ta. A daidai lokacin ne Ola Balogun ke tashe a Kudu da 'Ajani Ogun' na Yarabanci. Masana da dama na ɗaukar 'Shaihu Umar' a matsayin cikakken fim na sinima na farko da aka yi da harshen Hausa.

Rabon Sakkwato

Bayan FESTAC sai Halilu ya juyo yamma. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma, kuma a lokacin ta haɗa har da Kabi da Zamfara, domin sai a 1991 aka cire Jihar Kebbi, Zamfara kuma a 1996. Sarkin Musulmi Abubakar na III ne ke kan gado. Sabuwar jiha, ga kuɗin man fetur, ga zumuɗin raya al'adu da FESTAC ya tayar. Cikin wannan yanayi gwamnatin jihar ta shiga aikin fim a kan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Fim ɗin ya kammala a 1978.

Duk wanda ya san tarihin Kanta ya san ba a yi zaɓen tumun dare ba. A farkon ƙarni na 16, daular Sanwai ta Askiya Muhammadu ita ce giwar Afrika ta Yamma. Kanta ya bi Askiya yaƙin Agadas, aka samu saɓani a kan rabon ganima, ya ce shi fa ya daina biyayya. Aka turo masa runduna, ya kore ta. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafar ta, ta zama daular da ake shakka tsakanin Sanwai a yamma da Barno a gabas. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kan sa ya kawo labarin Kanta a cikin littafin sa 'Infaƙul Maisuri'.

Labaran baka kuma sun ƙara wa abin armashi. A na ba da labarin jirgin ruwan sa da aka lulluɓe da tagulla, wanda ya ke shiga ya kewaya ƙasar sa idan gulbi ya cika. A na ba da labarin yadda mayaƙan Barno su ka kewaye birnin sa, su ka koma ba su ci shi ba. A na kuma cewa a hanyar sa ta dawowa daga yaƙin Barno ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka ɗauko gawar sa zuwa gida. Wane darakta ne zai ji wannan bai ji hannun sa na ƙaiƙayi ba?

Babban birnin nasa, Surame, kufan sa na nan a Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, da ragowar ganuwar sa ta duwatsu. Tun 1964 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma Nijeriya ta shigar da shi jerin wuraren da ta ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. A Argungu, inda sarautar Kabi ta koma, akwai gidan tarihi mai sunan Kanta.

Ga kufai, ga gidan tarihi, ga littattafai. Fim ɗin fa? Nan gizo ke saƙa. Finafinan Halilu na gwamnati ne, ita kuwa gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce. Ba ta da dillalai, ba ta da 'yan talla, gidajen sinima na lokacin kuma finafinan Indiya da na Chana da na kaboyi su ka cika su. Saboda haka 'Kanta of Kebbi' bai zaga gari-gari yadda 'Sangaya' ko 'Wasila' su ka zaga daga baya ba. Yaron da aka haifa a Sakkwato a shekarar da aka gama shi yanzu ya doshi shekara 50, kuma da wuya ka samu ɗaya cikin sa'o'in sa da zai ce maka ya taɓa kallo.

Kujerar hukuma

A 1979 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya, wadda hedikwatar ta ke Jos. Da ta fara aiki, Adamu Halilu ne aka fara ɗora wa shugabancin ta. A 1981 ya fitar da wani fim ɗin, 'Moment of Truth'. Brendan Shehu, wanda ya hau kujerar a bayan sa, shi ne ya ba da umarnin 'Kulɓa Na Ɓarna', daga littafin Umaru Ɗanjuma Katsina. Wani abin sha'awa kuma, ɗan marubucin 'Shaihu Umar', wato Sadiq Tafawa Ɓalewa, shi ma ya zama darakta, ya yi 'Ƙasarmu Ce' a 1991.

Sai dai zamanin ya riga ya juya. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi warwas. Zaren fim daga waje ake sayo shi, a waje ake wanke shi, da kuɗin waje ake biya. Masu shirya fim na Kudu da na Arewa duk su ka durƙushe. Ana cikin haka kyamarar bidiyo ta iso, mai araha, wadda ake ɗaukar biki da suna da ita. Matasan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano su ka rungume ta, abin da ya haifi masana'antar da a 1999 aka laƙaba wa suna Kannywood.

Lokacin da Halilu ya rasu a 2001, kasuwar kaset na kan ganiyar ta. 'Sangaya' ya fito a 1999, 'Wasila' a 2000, waƙoƙin su na tashi a kowane lungu. Matasan da ke rububin kaset a lokacin, kaɗan ne su ka san cewa wani dattijo ya kwanta dama wanda ya riga kowa kai Hausa babban allo. Shi kan sa 'Shaihu Umar' ya zama sai labari. A na karanta sunan sa a littattafan jami'a, ɗalibai na rubuta shi a jarrabawa, amma babu mai iya cewa ga inda za a je a kalla.

Gwangwanayen Ikoyi

Ashe ya na nan kwance. A wani tsohon gini da ke Ikoyi a Legas, wanda sashen fim ke amfani da shi tun zamanin Turawa, akwai ɗakuna cike da gwangwanayen fim, sun yi tsatsa, ƙura ta rufe su. Wani mai shirya fim kuma mai sharhi, Didi Cheeka, na ƙungiyar Lagos Film Society, shi da abokan aikin sa su ka shiga su ka fara dubawa. A 2016 aka tabbatar da cewa 'Shaihu Umar' na ciki.

An yi sa'a ba kaɗan ba. Zaren fim ba ya shiri da zafi da laima, Legas kuwa gidan su ne. Idan ya fara ruɓewa sai ya riƙa tsami kamar ruwan kal, ya ƙanƙance, ya manne da juna, launin sa ya koɗe ya koma ja-ja. In ya wuce wani mataki, duk ƙwarewar mutum sai dai ya zubar.

Cibiyar Arsenal da ke Balin ce ta karɓi aikin gyaran, da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja. Aikin na haƙuri ne: a tsaftace zaren, a ɗinke inda ya yage, a bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya a kwafe su cikin kwamfuta, a daidaita launi, a tace sauti. A Fabrairu 2018 aka haska shi a bikin finafinai na Balin, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan fim na duniya. Shekara 42 bayan an yi shi, shekara 17 bayan rasuwar mai shi, Turawa su ka zauna cikin sanyi su na sauraron Hausar Umaru Ladan, su na karanta fassara a ƙasan allo. Allahu Akbar!

Abin bai tsaya nan ba. Wannan haɗin gwiwa ya taimaka wajen ƙarfafa ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, kuma a 2019 Jami'ar Jos, tare da Jami'ar Goethe ta Jamus da hukumar finafinai, ta fara kwas na digiri na biyu a kan adana finafinai. Wato aikin tsohon ɗalibin Landan da Rum ya zama sanadin buɗe wa wasu ɗaliban aji.

Saura 'Kanta'

A Janairu 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya. Kujerar da Adamu Halilu ya fara zama a kai, ta zagayo ta faɗo hannun ɗan Kannywood, wanda shi ma tsohon ɗalibin Jami'ar Jos ne. Tsofaffin gwangwanayen da su ka yi saura a ƙarƙashin wannan hukuma su ke. Idan akwai lokacin da ya dace Sakkwatawa da Kabawa su buɗe baki su tambayi labarin fim ɗin su, to ya zo.

Masu tambayar ma ba su yi kaɗan ba. Akwai gwamnatocin Sakkwato da Kebbi, magadan jihar da ta sa hannu a aikin. Akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke cikin birni, wanda adana irin waɗannan kayayyaki ne aikin sa. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗaliban Hausa da na tarihi ke rubuta kundaye a kan finafinai da daular Kabi. Akwai masarautar Argungu. Akwai su kan su 'yan fim na Sakkwato, waɗanda kullum ake yi wa kallon 'yan rakiya a masana'antar, alhali jihar su ta zuba jari a fim ɗin sinima tun Kannywood ba ta zo duniya ba. Wasiƙa ɗaya daga ɗayan waɗannan zuwa Jos na iya zama mafarin aikin. Zaren fim dai ba ya jira. Duk damina ɗaya da ta wuce, da abin da ta ke ci.

Akwai kuma wani hannunka-mai-sanda ga masana'antar baki ɗaya. Idan fim ɗin da gwamnatin tarayya ta kashe wa kuɗi, ta nuna wa duniya a FESTAC, zai iya kwanciya shekaru a cikin ƙura, ina ga kaset ɗin da furodusa ya jefa a bayan kanta a 1997? Kaset na yin fumfuna, faifan sidi na karcewa, waya na faɗawa ruwa. Da yawa daga cikin finafinan da iyayen masu karatu su ka yi kuka a kan su, abin da ya rage a YouTube wani dishi-dishin kwafi ne da aka kwafa daga kwafi. Duk furodusan da ke da uwar kaset ɗin fim ɗin sa, ya kamata ya lalubo ta tun yau.

Ga matashin da ke mafarkin shiga harkar kuma, rayuwar Halilu ta isa misali. Kowa so ya ke ya zama jarumi, a gan shi a fosta. Shi wannan bawan Allah bayan kyamara ya tsaya, ya koyi rubutu, ya koyi tacewa, ya yi shekaru ya na finafinan rijiya da rigakafi kafin a damƙa masa littafin Firayim Minista. Shi ya sa da aka buɗe gwangwanin bayan shekara 40, aka tarar da aikin da ya cancanci a kashe kuɗi a gyara. Shi sai da ya tsallaka teku kafin ya samu makaranta. Na yanzu kuwa ga Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa nan a Jos, kuɗin mota kawai.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Halilu, ya kai haske kabarin sa. Allah kuma ya nuna wa Sakkwatawa ranar da za a kafa farin ƙyalle a Kanwuri bayan sallar isha'i, a haska masu 'Kanta'.